Fina-finan Hausa: suka ta yi yawa, gyara ya yi ƙaranci

A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta sanar da dakatar da haska fina-finai 22 masu dogon zango, cikinsu har da Labarina, Daɗin Kowa, Manyan Mata da Gidan Sarauta, bisa hujjar cewa ana sakin su a talabijin da intanet ba tare da an kai mata ta duba ba. Labarin bai tsaya a Kano ba, domin waɗannan fina-finai su ne ake kallo a fadodin samarin Maraɗi da Damagaram, da ɗakunan kwanan ɗalibai a Yamai, da masaukan ƴan ci-rani a Akkara, Abijan da Tiripoli.

Muhawarar da ta biyo baya ta rabu gida biyu. Wasu na ganin hukuma na kare tarbiyya, wasu kuma na ganin ana shaƙe sana'ar da ke ciyar da dubban matasa. Sai dai akwai tambayar da ɓangarorin biyu suka tsallake: kafin fim ya isa teburin hukuma ko wayar mai kallo, wane ne a cikin waɗanda suka haɗa shi ya iya duban darakta ya ce masa wannan fitowar ba ta yi ba?

Tambayar ta shafi Nijar kai tsaye. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu a ƙarshen watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A daidai wannan lokaci, matasa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai na ƙara shiga harkar fim, barkwanci da waƙa, galibi da waya ɗaya da kwamfuta ɗaya. Harshen da ya sami wannan matsayi za a auna shi da ingancin abin da ake yi da shi, kuma inganci na zuwa ne daga gyaran da aka yi tun aiki na hannu.

Daga ina suka ke zuwa?

Duk wanda ya ce ba a sukar fina-finan Hausa bai bibiyi harkar ba. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, masana'antar ba ta taɓa rasa masu magana a kanta ba. A yau sukar na bullowa ta hanya uku. Akwai hukuma, wadda a Kano aka kafa ta a 2001, mai ikon hana fim fita. Akwai masu wa'azi, waɗanda maganarsu ke da nauyin da a 2016 ya kai ga gwamnatin tarayyar Najeriya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa. Sannan akwai jama'a a Facebook, TikTok da YouTube, masu yanke hukunci tun kafin fim ya kai ƙarshe.

Abu biyu ya haɗa hanyoyin nan uku. Na farko, duk daga waje suke zuwa, bayan an kashe kuɗi, an tashi daga wurin ɗauka, ƴan wasa sun watse. Na biyu, abin da suka fi dubawa shi ne sutura, rawa da furuci, ko kuma rayuwar ɗan wasa a wajen fim. Da wuya a ji wanda ya tsaya kan ko labarin ya riƙe kansa, ko dalilin da ya sa wance ta yafe wa mijinta a kashi na 9 ya gamsar, ko kuma hirar minti bakwai da aka yi a falo ta ƙara wani abu.

Haka ta faru da littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya ya kare su, aka daɗe ana fafatawa a shafukan jaridu. Muhawarar ta amfani tarihin adabi, amma marubucin da ke jin ana tambayar ko abin da yake yi ya cancanci sunan adabi ma, ba ya cikin halin sauraron wanda zai ce masa babi na uku ya yi tsawo. Sunan ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin marubutan lokacin, Raina Kama, shi kansa amsa ce ga masu raini. Suka daga waje idan ta yi zafi, abin da take haifarwa shi ne kare kai.

Abin da ke rufe bakin ƴan cikin gida

Waɗanda suka fi kowa sanin raunin fim su ne waɗanda suka yi shi. Mai ɗaukar hoto ya san fitowar da aka yi cikin gaggawa don rana na faɗuwa. Edita, wanda ke kwana da hotunan, ya san inda labari ya yi barci. Ƴar wasa ta san kalaman da babu matar da za ta furta su a gidan mijinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a mafi yawan lokuta ba ya magana, kuma shirun na da dalilai.

Dalili na farko shi ne tsarin ubangida da yaronsa. Yawancin masu sana'ar sun koye ta ne a ƙarƙashin wani, shi ya ba su matakin farko, shi ke kiran su aiki. Babu kwantiragin da ke kare su. Wanda ya gyara wa maigida magana a gaban mutane na iya rasa kiran gobe, kuma ba sai an faɗa masa dalili ba.

Na biyu shi ne taruwar iko a hannu guda. A zamanin YouTube an saba ganin mutum ɗaya shi ne mai kuɗi, shi ne jarumi, shi ne mai tashar da za a ɗora fim, wani lokaci ma shi ya kawo labari. Idan marubuci na ganin ya kamata a rage fitowar jarumi, to mai biyan sa yake shirin ragewa.

Na uku shi ne lokaci. Fim mai fita mako-mako ba ya barin sarari. Akan yi ta rubutu ana ɗauka, ana haɗawa ana saki. Tsarin kuɗin talla ma na taimaka wa matsalar, domin a YouTube bidiyon da ya wuce minti 8 ne ake iya sa wa talla a tsakiya, kuma kowane sabon kashi wata ƙofar kuɗi ce. Wanda ya ce a taƙaita labari, a kunnen furodusa kamar ya ce a rage ciniki ne.

Na huɗu kuwa shi ne fassarar da ake yi wa gyara. Kalmar hassada ta zama makullin da ke rufe kowace magana. Da zarar an ce wane baƙin ciki yake yi, an huta da duba ko abin da ya faɗa gaskiya ne. Kunya da kara su ma suna da nasu rabo: ƙarami ba ya gyara wa babba a bainar jama'a, aboki kuma ya gwammace ya ce “ya yi kyau sosai” ya wuce. Sai maganar ta fita ta bayan gida, ta zama gulma a fada ko habaici a shafin sada zumunta, inda ba za ta gyara komai ba.

Darasin masuntan Ayoru

Tarihin sinima a Nijar na da misalin da ya kamata kowane matashin darakta ya sani. A farkon shekarun 1950, Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim kan yadda masuntan Sorko ke farautar dorina a kogin Isa, ya sa masa suna Bataille sur le grand fleuve. Da ya haɗa shi a Faransa, sai ya ɗora kiɗa a kan wuraren da farauta ta yi zafi, kamar yadda ake yi a sinima. A 1954 ya dawo da fim ɗin Ayoru, ya haska wa mutanen da ke cikinsa.

Masuntan, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin majigi ba, sun ƙi yarda da kiɗan. Hujjarsu ita ce farautar dorina cikin shiru ake yin ta, kiɗa kuwa ƙarfafa mata zuciya yake yi. Rouch ya karɓi gyaran, ya kuma ɗauki mayar da fim gaban mutanen da ke cikinsa a matsayin ƙa'idar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan zama ne shawarwarin wasu fina-finai suka fito, ciki har da Jaguar, kan samarin Nijar masu tafiya ci-rani zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, wanda ya yi da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia.

Abin lura a nan shi ne irin gyaran da masuntan suka yi. Ba su taɓa mutuncin Rouch ba, ba su ce shi baƙo ne don haka ya bar harkarsu ba. Sun nuna wuri guda, sun faɗi abin da ba daidai ba, sun kawo dalili daga sanin da suke da shi wanda shi ba ya da shi. Kuma ba su da ikon tilasta masa. Hujjar ce kawai ta yi aiki.

Akwai kuma hanya ta biyu ta mayar da martani, wadda Oumarou Ganda ya bi. Shi ne ya fito a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un Noir na 1958, lokacin yana aikin ƙarfi a Abijan bayan dawowarsa daga yaƙin Indocin. Daga baya ya ɗauki kyamara da kansa, ya ba da labarin tsohon soja da idonsa a Cabascabo. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya lashe babbar kyauta ta farko ta bikin FESPACO a Wagadugu. Wanda ya fara a gaban kyamarar wani ya ƙare da nasa salon, kuma dangantakar aiki ta ba shi hanya.

Yadda Pixar ta raba gyara da iko

A duniyar fim, misalin da aka fi ambata kan wannan batu shi ne na kamfanin Pixar na Amurka, mai shirya fina-finan katun da kwamfuta. Darasin nasu daga tuntuɓe ya faro. Lokacin da suke haɗa Toy Story, kamfanin Disney ne ke ba da kuɗi, kuma shugaban sashen fim na lokacin, Jeffrey Katzenberg, ya riƙa aiko da gyare-gyare yana neman a ƙara wa labarin kaifi. Masu aikin suka yi ta bi, domin mai kuɗi ne ya yi magana. Ranar 19 ga Nuwamban 1993 aka haska abin da aka haɗa, sai aka ga jarumin, Woody, ya zama mugu mai baƙar magana wanda babu mai kallon da zai so shi. Disney ta dakatar da aikin. Tawagar ta nemi ƴan makonni, ta sake rubuta labarin yadda ita ta yarda da shi, fim ya fito a 1995 ya zama na farko mai cikakken tsawo da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta.

Daga irin wannan ne aka gina majalisar da suke kira Braintrust, wadda Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya yi bayaninta a littafinsa na 2014. Bayan kowane ƴan watanni, darakta kan haska fim ɗinsa tun yana zane-zane marasa kyan gani ga sauran daraktoci da marubuta, su kuma su faɗi abin da suka gani ba tare da rufa-rufa ba. Sharuɗɗa biyu ke riƙe da zaman. Masu magana su ma masu ba da labari ne, sun san wahalar aikin. Sannan majalisar ba ta da ikon ba da umarni: tana nuna ciwo, darakta ne ke zaɓen magani. Hatta Steve Jobs, wanda shi ne babban mai hannun jari, an yi yarjejeniya da shi cewa ba zai riƙa shiga zaman ba, don kada nauyinsa ya danne bakin sauran.

Idan aka haɗa wannan da abin da ya faru a Ayoru, darasi guda ne ke fitowa. Gyaran da ya zo tare da iko kan zama umarni, kuma mai karɓar umarni ba ya auna shi, bi kawai yake yi ko ya yi tawaye. Gyaran da ya zo daga wanda ya san aiki amma ba ya riƙe da albashin mutum, shi ake iya ɗauka a juya a ga ko yana da amfani.

Abin da bincike ya nuna

Ba kowane gyara ne ke gyarawa ba. A 1996, masana halayyar ɗan Adam biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 607 kan tasirin faɗa wa mutum yadda aikinsa yake. A jimlace abin na taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen, aikin mutum lalacewa ya ƙara yi bayan an yi masa magana. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da magana ta karkata daga aiki ta koma kan mai aikin, hankalinsa kan bar gyara ya koma kare mutuncinsa. Wannan ya haɗa har da yabo marar tushe.

Ita kuwa Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da abin da ya ba ta mamaki: rukunin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan jagoranci su ne suka fi kai rahoton kurakuran ba da magani. Da ta zurfafa, sai ta gano cewa su ne suka fi sakin jiki su faɗi kuskure idan ya faru, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. Ma'anar wannan ga harkar fim a bayyane take. Wurin ɗaukar da ba a jin kowa na cewa uffan, kowa na cewa “an gama, Maigida”, ba lallai ne ya zama wurin da komai ke tafiya daidai ba.

A kan yadda za a tsara zaman gyara kuwa, wata mai koyar da rawa a Amurka, Liz Lerman, ta fito da tsari mai mataki huɗu a wajen 1990, wanda ƙungiyoyin fasaha da yawa ke bi. Da farko masu kallo su faɗi abin da ya taɓa su a aikin. Daga nan mai aikin ne zai yi tambaya kan wuraren da yake da shakku. Sai masu kallo su yi nasu tambayoyin, amma ba tare da cusa hukunci a ciki ba. A ƙarshe ne ake faɗin ra'ayi, shi ma sai mai aikin ya ba da izini.

Mataki na uku shi ne ya fi dacewa da wurin da kunya ke da ƙarfi. Yaron da ba zai iya cewa “wannan fitowar ba ta da amfani” ba, zai iya cewa: “Maigida, a nan me muke so mai kallo ya gane game da uwar?” Idan amsa ta samu, yaro ya ƙaru. Idan ba ta samu ba, darakta ya ga ramin da idonsa, kuma babu wanda aka kunyata.

Abin da gida ya riga ya tanada

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga tawagar da ke gyara wa juna. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wanda ya yi tashe a rediyo da Télé Sahel ta hannun irin su Yazi Dogo da ƴan wasan Damagaram, a kan wannan ginshiƙi ya tsaya. Kamar yadda mai bincike Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987, ƙungiyoyin ba sa dogara da cikakken rubutu. Akan zauna a tsara ƙashin labari, sannan ƴan wasa su cika shi da kalamansu a wurin gwaji, ana yi ana gyarawa. Wasan na kowa ne, don haka gyara shi ma haƙƙin kowa ne.

Gasar samariya ta zamanin Seyni Kountché ta ƙara wani mataki. Kafin wasa ya kai bikin matasa na ƙasa, sai ya tsallake zagaye-zagaye daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, yana haɗuwa da ƴan kallo da alƙalai a kowane zango. Gaskiya ne cewa mulkin soja ne, kuma jigogin wasannin ba sa nisa da abin da gwamnati ke so a faɗa. Amma ta fuskar sana'a, wasa kan sha gwaji a gaban idanu da dama kafin ya kai matakin ƙarshe, abin da fim ɗin da ake ɗauka ranar Litinin a saki ranar Juma'a ba ya samu.

Akwai kuma wasan dangi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Tsakanin Bafillace da Ba'are, ko Bafillace da Babarbare, akan faɗi maganar da wani ba zai iya faɗa ba, kuma al'ada ta hana a yi fushi. Hikimar ita ce al'umma ta san gaskiya ɗaci gare ta, sai ta ware mutumin da aka yarje wa ya faɗe ta. Tawagar fim na iya aron wannan: ta ware zama da lokaci da aka amince tun farko cewa abin da aka faɗa a ciki ba raini ba ne. Abin da ya kamata a guje wa shi ne zambo da habaici. Su ma gadon gida ne, amma an ƙera su ne don rama gayya, shi ya sa ba sa nuna wurin da za a gyara.

Inda masu shakka ke da gaskiya

Masu shirya fim da ke ɗari-ɗari da buɗe ƙofar gyara suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Ɗaya ita ce tsoron satar labari, a kasuwar da kare haƙƙin mallaka ke da rauni. Wannan ne ya sa zaman ya kamata ya tsaya ga mutum huɗu ko biyar da aka yarda da su. Wata ita ce, idan kowa ya sa baki, labari kan rasa ɗanɗano, ya zama miyar da kowa ya zuba wa gishiri. Maganin wannan shi ne sharaɗin Pixar: a saurari kowa, mutum ɗaya ya yanke. Ta uku ita ce kuɗi, domin kowace rana da aka ƙara akwai abinci da hayar kayan aiki. Sai dai zaman karanta labari a kan tabarma kafin a fita ɗauka bai wuce kuɗin shayi ba, alhali sake ɗaukar fitowa guda na nufin sake tara mutane da kaya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka kuma misalin Pixar na da iyakarsa. John Lasseter, wanda ya jagoranci Toy Story kuma yana cikin waɗanda suka fara wannan majalisa, ya bar kamfanin a ƙarshen 2018 bayan koke-koken ma'aikata kan mu'amalarsa da su. Wurin da ake iya faɗin gaskiya kan labari ya ɗauki shekaru kafin a iya faɗin gaskiya kan shugaba. Ga masana'antar da mata matasa ke shiga ba tare da kwantiragi ko wata kariya ba, wannan gargaɗi ne: sakin baki kan aiki da sakin baki kan yadda ake mu'amala da masu aiki, kowanne na buƙatar nasa tanadi.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakan da wannan ke buƙata ba su fi ƙarfin ƙaramar tawaga ba. A karanta labari da babbar murya tare da ƴan wasa kafin a kunna kyamara, domin kunne na kama kalaman da ido ya tsallake. A bar ƙarami ya fara magana, mai kuɗi ya zo a ƙarshe, tunda idan ya fara babu wanda zai saɓa masa. Mai gyara ya ambaci wuri da abin da ya ji a wurin, ya bar wa darakta neman mafita. Mai karɓa kuma ya rubuta, ya yi tambayar neman fahimta, ya jinkirta amsa zuwa gobe. Bayan an haɗa kashin farko, a haska wa mutum goma da ba sa cikin aikin, a lura da lokacin da suka fara duba wayoyinsu. YouTube ma na nuna wa mai tasha daidai mintin da masu kallo suka fara ficewa, shaidar da ba za a ce da ita ƴar hassada ba.

Wuraren yin wannan suna nan. Akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda a Yamai, akwai gidajen matasa da al'adu da aka fi sani da MJC a manyan garuruwa. Idan hukumomin al'adu na neman abin da za su yi wa harshen ƙasa wanda ba ya cin kuɗi mai yawa, buɗe waɗannan ɗakuna ga masu son gwada aikinsu kafin saki na cikin mafi sauƙi.

Ƴan Nijar mazauna ƙetare su ma suna da hannu a ciki. Kallonsu na da daraja, domin tallan da ake nuna wa mai kallo a Turai ko Amurka ya fi kawo kuɗi, kuma wasunsu ne ke aiko wa ƙannensu kuɗin kyamara da kwamfuta. Wanda ya ba da kuɗi yana iya zama wani Katzenberg, ya riƙa aiko da umarni ta WhatsApp kan wanda zai fito da yadda labari zai ƙare. Yana kuma iya tambaya guda kafin ya tura kuɗin: su wa suka karanta labarin nan, kuma me suka ce a gyara?

Hukumar tace fina-finai za ta ci gaba da aikinta, masu wa'azi da masu kallo ma ba za su yi shiru ba. Abin da ya rage a hannun masu sana'ar shi ne ko za su bari waɗannan su zama na farko da za su faɗa musu gaskiya. Hausawa sun daɗe da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ko matasan da ke gina sinimar Hausa a wannan gefen iyaka za su mayar da karin maganar tsarin aiki, fina-finan da za su fito daga Maraɗi, Damagaram da Tawa a ƴan shekarun nan ne za su nuna.